Naman kazan da gara ke nomawa: siffofin Termitomyces da matsayinsa a rabe-raben masana

Daga cikin ire-iren naman kaza da ke ɓullowa a dazuzzukanmu idan damina ta kankama, akwai masu tsirowa a kan ruɓaɓɓen itace, akwai masu bin kashin shanu, akwai kuma waɗanda rayuwarsu ke ɗaure da saiwoyin itatuwa irin su doka. Amma akwai wani ƙaramin jinsi da ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan, domin duk inda aka gan shi a bisa ƙasa, to, akwai gidan gara a ƙarƙashinsa ko a kusa da shi. Masana suna kiran wannan jinsi Termitomyces. Nau'o'insa da aka bayyana aka raɗa wa suna suna tsakanin 30 zuwa 50 ne, gwargwadon lissafin da mutum ya bi, adadin da bai taka kara ya karya ba idan aka dubi jinsuna irin su Russula ko Cortinarius, waɗanda nau'o'insu suka kai ɗaruruwa ko dubbai. Abin da ya ɗaure ni da wannan jinsi shi ne, kusan kowace siffa da ake gane shi da ita zamansa da gara ne ya haifar da ita, kuma wanda ya tsinke hular ya bar abin da ke cikin ƙasa, ya bar rabin shaidar da ake bukata kafin a ce ga sunan abin da ya riƙe.

Sai an san abin da ke gudana a cikin gidan garar kafin siffofin su yi ma'ana. Ba kowace gara ce ke noma ba. Masu yin sa wani reshe ne guda da ake kira Macrotermitinae, mai nau'o'i kimanin 330, waɗanda suka haɗa da jinsunan Macrotermes, Odontotermes, Microtermes, Ancistrotermes da Pseudacanthotermes. A Afirka da kudancin Asiya kaɗai ake samun su. Babu su a nahiyar Amurka, babu su a Ostireliya, saboda haka babu Termitomyces a can. Ma'aikatan da suka manyanta su ne ke fita su kwaso busasshiyar ciyawa da ganye da itace da karan hatsi. Matasan ma'aikata da ke cikin gida su cinye, abincin ya ratsa cikinsu da sauri ba tare da ya narke sosai ba, sannan su fitar da shi ƙwaya-ƙwaya su tara shi su gina wani dunƙule mai ramuka kamar saƙar zuma. A kan wannan saƙa ne naman kazan yake rayuwa, a matsayin siraran zaruruwa farare, domin abin da muke gani a bisa ƙasa mai hula da kara 'ya'yansa ne kawai, ainihin jikinsa zaruruwan nan ne.

Duk wanda ya taɓa fasa gidan irin wannan gara ya ciro saƙar zai lura ba ta da nauyi, tana da danshi, tana marmashewa a hannu idan aka matsa ta, kuma ƙamshin naman kaza na tashi daga jikinta. Samanta, inda ake ɗora sabon abu, ya fi duhu. Ƙasanta ya fi haske, domin can ne zaruruwan suka daɗe suna aiki, suna ruguza sinadaran itace masu tauri irin su liginin, waɗanda cikin gara ba zai iya narkar da su shi kaɗai ba. A tsakiya kuma za a ga fararen ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi a warwatse, waɗanda ba su cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Waɗannan ƙwayoyi cike suke da iri. Matasan ma'aikata suna cin su tare da sabon abinci, irin ya ratsa cikinsu da ransa, ya fito a gauraye da kayan ginin sabuwar saƙa, wato shuka da gini a lokaci guda ake yin su. Tsohuwar saƙa ta ƙasa, wadda ta riga ta nuna, ita manyan ma'aikata ke ci. Gara kuma tana biyan naman kazan da muhallin da ba ya samuwa a fili: duhu, da danshi ko da rani, da ɗumi marar sauyawa. Binciken da Judith Korb ta yi a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa ya nuna cewa Macrotermes bellicosus, mai gina dogayen surin nan da muka sani, tana riƙe zafin cikin gidanta a wajen digiri 30, har ma fasalin surin yakan bambanta, a fili yana da tsayi da gefuna masu yawa don fitar da zafi da iska, a cikin kurmi kuma yana zama dunƙulalle mai kaurin bango don riƙe ɗumi.

To, naman kazan da aka binne haka, wani lokaci a zurfin da ya fi kamu biyu, idan lokacin fitar da 'ya'ya ya yi, dole ya nemi hanyar zuwa sarari inda iska za ta kwashi irinsa. Daga wannan lalura ce siffofi biyu mafiya muhimmanci na jinsin suka samo asali. Ta farko ita ce doguwar saiwa da ke haɗa karan da saƙar. Ba saiwa ba ce irin ta tsiro mai tsotson ruwa; ci gaban karan ne da ya miƙe ta cikin ƙasa, yana sirancewa yayin da yake nitsawa, kuma a wasu nau'o'in tsawonta yakan kusa mita ɗaya. Launinta shaida ce babba: a wasu fara ce tun daga sama har ƙasa, a wasu kuma, kamar T. eurrhizus (T. a nan gajeren Termitomyces ne), tana da baƙin ɓawo mai tauri. Siffa ta biyu ita ce tsinin da ke tsakiyar hular, wani ƙullutu mai tauri wanda shi ne ke gaba lokacin da hular take a rufe tana huda ƙasa. Bayan hular ta buɗe, tsinin yana nan a tsakiyarta, sau da yawa da ɓurɓushin ƙasa a manne da shi, kuma idan aka danna shi da yatsa za a ji ya fi sauran naman hular tauri nesa ba kusa ba. A T. clypeatus tsinin siriri ne mai kaifi, a T. letestui gajere ne mai kauri, kansa a dakushe; a wasu kuma ɗan tudu ne kawai.

Sauran siffofin suna ƙarƙashin hular. Haƙarƙarin da ke ɗauke da iri, wato siraran fallayen da ke jere a ƙarƙashin hular, yana da yawa, a matse da juna, fari ne da farko sannan ya juya zuwa ruwan hoda mai haske, kuma yawanci bai manne da karan ba, ko kuwa ɗan taɓa shi kawai ya yi. Idan aka yanke hular da ta buɗe, aka kifa ta a kan farar takarda, aka rufe da kwano aka bar ta ta kwana, da safe za a tarar da zanen haƙarƙarin a kan takardar da garin iri mai launin ruwan hoda mai haske, wani lokaci yana ɗaukar ruwan madara. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙwayoyin irin ƙanana ne, masu ɗan tsawo, sumul ba tare da kusurwa ko ƙaya ba. Wasu nau'o'in suna da zobe a jikin karan, saurar fatar da ta rufe haƙarƙarin kafin hular ta buɗe, wasu kuma ba su da shi. Abin da babu a ko ɗaya daga cikinsu shi ne jakar nan da ke lulluɓe gindin karan a jinsunan Amanita da Volvariella.

Bambancin girma a cikin wannan ƙaramin jinsi abin mamaki ne. T. titanicus, wanda David Pegler da Graham Piearce suka bayyana daga Zambiya a shekarar 1980, faɗin hularsa yakan kai mita ɗaya, kuma ana lissafa shi a matsayin mafi girma daga cikin naman kazan da ake ci a duniya. Mutanen dazuzzukan wannan yanki, waɗanda ake kira miombo, sun daɗe suna cin sa suna sayar da shi a bakin hanya kafin ya shiga littafin masana, abin da ke nuna irin tazarar da ke tsakanin sanin mazauna wuri da rubutun ilimi. T. schimperi, wanda aka fara bayyanawa daga Habasha, fari ne babba mai kaurin ɓawo a saman hula, ba shi da tsini bayyananne, kuma a Namibiya, inda ake kiran sa omajowa, yana fitowa a gindin manyan surin Macrotermes bayan ruwan sama mai yawa. A ɗaya ɓangaren akwai T. microcarpus, wanda hularsa ba ta cika wuce santimita biyu ba, yana fitowa ɗaruruwa a wuri guda, kuma ya saɓa wa ƙa'idar doguwar saiwa. Dalili kuwa shi ne gara da kanta take fito da gutsattsarin saƙa ta shimfiɗa su a bisa ƙasa, sai shi ya tsiro a kansu. Tunda babu ƙasar da zai huda, babu bukatar saiwar.

Wannan ɗan ƙaramin nau'i shi ya fi ba masu rabe-rabe wahala, amma rikicin ya girme shi. Tun a 1781 Henry Smeathman, wanda ya zauna a gaɓar Saliyo, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan labarin fararen ƙwayoyin da ya gani a cikin gidajen gara. A ƙarni na 19 da farkon na 20, samfura suka riƙa isa Turai daga Siri Lanka da Indiya da Habasha da Kwango, yawancinsu a bushe, da yawa kuma an katse musu saiwa, kowane masani yana jefa nasa a cikin jinsin da ya ga ya fi kama da shi. Mai zobe da ɓawo a hula sai a kai shi Lepiota, kamar yadda Patouillard ya yi da nau'o'in da yanzu muke kira T. schimperi da T. letestui, wanda ba shi da zobe sai a ce Collybia ne, wanda aka lura da ruwan hodar irinsa sai a tura shi Entoloma ko Pluteus. Haka 'yan gida ɗaya suka warwatsu a jinsuna daban-daban. Roger Heim, masani Bafaranshe na gidan tarihin halittu na Faris, shi ne ya tattara su a 1942 ya kafa jinsin Termitomyces, inda T. striatus, wanda Maurice Beeli ya fara bayyanawa daga Kwango, ya zama ma'aunin jinsin. A ganina abin da ya bambanta Heim da waɗanda suka gabace shi shi ne ya je inda abin yake, ya haƙa, ya bi saiwar har zuwa saƙar. Ya ci gaba da wannan aiki shekaru da dama, har da wanda ya yi a tashar bincike ta La Maboké a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma a 1977 ya fitar da littafi sukutum a kan gara da naman kazanta.

Heim ya raba jinsin gida biyu: Eutermitomyces, masu doguwar saiwa, da Praetermitomyces, inda ya ajiye T. microcarpus. Rolf Singer bai gamsu ba, ya ɗauki T. microcarpus ya kai shi wani jinsi dabam mai suna Podabrella. A ƙasar Sin kuma, Zang Mu ya kafa Sinotermitomyces a 1981 don wasu nau'o'in Yunnan. Batun dangin da jinsin ya dace da shi ma bai tsaya wuri ɗaya ba: an taɓa raɓa shi da Amanita, an kai shi Pluteaceae saboda launin iri da haƙarƙarin da bai manne ba, Singer ya sa shi a Tricholomataceae, Walter Jülich kuma ya yanka masa danginsa na kansa, Termitomycetaceae, a 1981. Binciken ƙwayoyin gado na DNA a farkon shekarun 2000 ne ya raba gardamar. Ya nuna cewa duk naman kazan da gara ke nomawa daga kaka ɗaya suka fito, har da T. microcarpus da na Yunnan, saboda haka Podabrella da Sinotermitomyces suka koma ƙarƙashin Termitomyces, kuma mazaunin jinsin shi ne dangin Lyophyllaceae a rukunin Agaricales. Ashe ruwan hodar irin da ya ja hankalin magabata zuwa Pluteus da Entoloma kama ce kawai, ba jini ba.

Aikin da Duur Aanen da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 ya ƙara tabbatar da cewa sau ɗaya tak wannan noma ya faro a tarihin gara, a Afirka, kuma tun daga nan babu ɓangaren da ya koma rayuwa shi kaɗai: babu garar Macrotermitinae da ta bar noma, babu Termitomyces da aka samu yana rayuwa ba tare da gara ba. Bayan haka, a 2005, Aanen da Paul Eggleton suka kawo hujjar cewa a cikin kurmin Afirka mai yawan ruwa abin ya fara, daga baya ya bazu zuwa filayen ciyawa da kuma Asiya. Ana ƙiyasta shekarunsa a wajen miliyan 30. An sami saƙar da ta zama dutse mai shekaru kimanin miliyan 25 a yankin Rukwa na Tanzaniya, an kuma sami wata mai kimanin miliyan 7 a hamadar arewacin Chadi. A 2021 wani bincike ya gano makusantan jinsin, irin su Arthromyces da Blastosporella, waɗanda wasunsu ke tsirowa a kan kashin ƙwari kuma suna da saiwa mai nitsewa, abin da ke nuna cewa kakan Termitomyces ya riga ya mallaki wasu daga cikin halayen da suka sa gara ta iya riƙe shi.

Akwai wani al'amari da ya shafi dazuzzukanmu kai tsaye, kuma a Najeriya aka yi wani ɓangare na binciken da ya bayyana shi. Idan shinge ya tashi bayan ruwan sama, namiji da mace suka zubar da fukafukai suka shiga ƙasa don kafa sabon gida, a yawancin nau'o'in gara ba sa tafiya da iri. Sai ma'aikatan farko sun fita kiwo sun kwaso irin da iska ta watsa daga hulunan da suka buɗe, sannan gonar ta kama. Wannan ne amfanin hular ga gara baki ɗaya, ko da yake gidan da ta fito daga cikinsa asarar abinci yake yi. Amma R. A. Johnson da abokan aikinsa, a binciken da suka wallafa a 1981 kan garar Najeriya, sun nuna cewa akwai masu tafiya da irinsu a ciki: a Microtermes mace ce ke ɗauke da shi, a Macrotermes bellicosus kuma namiji ne. Inda ake gadon iri ta wannan hanya, hula ba ta da sauran aiki, kuma ba a cika ganin ta ba. Shi ya sa mutum zai iya zagaya dogon suri damina bayan damina bai ga naman kaza a jikinsa ba, alhali gona ce cike a ciki, sannan ya tarar da huluna sun fito a wani fili da babu alamar suri ko kaɗan, domin gidan Odontotermes ko Ancistrotermes ko Pseudacanthotermes na binne a ƙarƙashin wurin.

Sakamakon wannan ga rabe-rabe yana da girma. Sunayen da ake da su an gina su ne a kan hula da kara da saiwa, amma idan aka ɗebi DNA kai tsaye daga saƙa, sai a sami rassa da dama da ba su dace da kowane suna ba, domin ba a taɓa kama su da hula ba. A 2022 aka raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna, T. cryptogamus, abokin zaman Macrotermes natalensis na Afirka ta Kudu, bisa shaidar DNA da abin da aka raina a ɗakin gwaji. Haka kuma sunaye irin su T. clypeatus da T. eurrhizus da T. microcarpus ana amfani da su a Afirka da Asiya duka, alhali binciken gado yana nuna cewa sau da yawa abin da ke ɗauke da suna ɗaya a nahiyoyin biyu ba abu ɗaya ba ne. Don haka nake ganin duk jerin sunayen da aka tsara daga kallon hoto kawai ya kamata a karɓe shi da taka-tsantsan.

Ta fuskar ci, jinsin yana da daraja a duk inda yake. Yarbawa suna da sunaye daban-daban ga nau'o'insa, kamar yadda B. A. Oso ya rubuta a 1975, maƙwabtanmu Nupawa da Gwarawa da Tibi suna cin naman kaza fiye da yadda yawancinmu Hausawa muka saba, a Yunnan kuma yana cikin masu tsada a kasuwa. Har yanzu daga daji ake samo shi, domin zaruruwan suna girma a ɗakin gwaji amma ba a kai ga noma shi don kasuwa ba tare da gara ba. A nan ne sanin siffofin ya wuce batun ilimi ya zama batun lafiya. Chlorophyllum molybdites, farin nan babba mai zobe da ke fitowa a filayen ciyawa da damina, yana iya ruɗar wanda ke neman T. letestui ko T. schimperi, kuma yana haddasa amai da gudawa mai tsanani. Garin irinsa kore ne, gindinsa kuma a dunƙule yake, babu saiwa mai nitsewa. Wasu nau'o'in Entoloma masu guba suna da iri ruwan hoda da tudu a tsakiyar hula, amma haƙarƙarinsu a manne yake da kara, ƙwayoyin irinsu kuma masu kusurwa ne. Fitowa a kan suri ma ba hujja ba ce ita kaɗai. Podaxis, mai dogon kai da ba ya buɗewa, wanda cikinsa ke zama baƙin gari, yakan tsiro a kan surin garar da ba ta noma, sannan akwai Pseudoxylaria, ciyawar gonar gara, wanda ke laɓe a cikin saƙa har sai gara ta mutu ko ta ƙaura. Idan aka ciro saƙa aka ajiye ta babu gara, cikin 'yan kwanaki zai lulluɓe ta, daga baya ya fitar da siraran sanduna masu tauri da ba su da hula.

Samfurin da zai yi amfani ga mai son tantance nau'i ba tsinko shi ake yi ba, haƙo shi ake yi. Ana fara haƙar ne daga ɗan nesa da karan, a bi saiwar a hankali, domin tana da saurin karyewa, har a isa inda ta manne da saƙa, a auna tsawonta, a rubuta launinta tun tana ɗanya, domin bushewa tana sauya shi. Ana bukatar ƙarami da bai buɗe ba da babba da ya buɗe, saboda zoben wasu nau'o'in yakan faɗi da wuri, tsinin kuma ya fi bayyana a ƙarami. A ɗauki garin iri a takarda a daren da aka samo shi, a busar da sauran a ɗumi marar tsanani, a rubuta ranar da wurin da irin itatuwan da ke kewaye. A ɗebi ɗan yankin saƙa mai fararen ƙwayoyi don binciken DNA. Sannan a kama garar da ke cikin ramin a saka ta a kwalba mai sinadarin alkohol, musamman sojojin, domin da fasalin kai da muƙamuƙin soja ake gane ko Odontotermes ce, ko Pseudacanthotermes, ko wata daga cikin Macrotermes.